Garken Kaka na Cikin Kwalba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗe ta ranar nan har harshena ya gaji, amma zuciyata har yanzu gardama take yi.

Kaka ya rasu da hantsi, da ƙosai a hannunsa. Ni na dama masa kunu. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Amarya, wannan kunun naki ko kwaɗo aka jefa ciki sai ya nemi sauyin gari." Na ce miji mara haƙora ba shi da bakin zaɓe. Na shiga ɗaki ɗauko masa sukari, na fito na tarar ya jingina da bango, idonsa a rufe. Na ɗauka irin wasan da ya saba ne, don ya sha yi mini mutuwar ƙarya in na ƙi aike. Na tsaya a kansa da ƙunshin sukari ina cewa, "Ko ka mutu sai ka shanye shi." Ina cikin dariya ƙosan ya faɗo daga hannunsa, kaza ta ɗauke, bai kore ta ba. Kaka bai taɓa barin kaza ta ci nasa ba.

Gwaggo, yayar babana, ta fito ta dube shi, ta zauna daɓas a kan murhu, Allah ya so wutar ta mutu. Baba ya riƙe masa tsintsiyar hannu ya ƙi saki, kamar wanda ke jiran agogo ya ci gaba da tafiya. Maƙwabciyarmu ta shigo tana tafa hannu tana cewa, "Jiya fa na gan shi ya tsallake kwata kamar ɗan akuya! Jiya-jiyan nan!" Kafin azahar an kai shi. Mutanen ƙauyen Kademi sun iso a kan kekuna bayan an dawo daga maƙabarta, suka tsaya a ƙofar gida riƙe da kekunan, ba wanda ya tuna ya jingine nasa.

Ina kai ruwa zaure na ji masu zaman makoki suna musu a kan aikin marigayi. Wani ya ce likitan kifi ne. Wani ya rantse zinariya yake haƙo wa gwamnati a gindin teku. Wani tsoho ya ce shi dai abin da ya sani, mutumin kirki ne, sai dai ɗakinsa na wari. Mutum ya ƙare rayuwarsa kan abu guda, garinsu bai san mene ne ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ba shi ya haifi babana ba, ƙanen kakana ne, amma duk gidan Kaka muke ce masa. Uwarsu Bafillatana ce daga Toranke. A rugar kawunsa yake kiwon maruƙa lokacin da aka zo aka ɗauke shi aka sa shi boko, yana ihu yana cizon dogari. Daga nan sai Kano, daga Kano sai Ikko, inda ya fara da wanke kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje a bakin teku. Ya ce ranar da ya fara ganin teku ya tambayi na kusa da shi, "Ina ɗaya gaɓar?" Aka tura shi Ingila, ya dawo ana ce masa dakta, amma ko ƙaya bai iya cire wa mutum ba.

Aikinsa laka ce. Ba ta kududdufi ba, ta ƙarƙashin teku. Su shiga jirgin ruwa su yi nisa har ƙasa ta ɓace, su zura dogon bututun ƙarfe da igiya ya kafe a gindin ruwa, su jawo shi cike da taɓo. Jirgi kuwa bai taɓa karɓarsa ba. Ya ce duk kifin da ke gaɓar Ikko ya san ɗanɗanon abincinsa, don shi yake ciyar da su da amai. Saman lakar ja-ja ce, ƙasanta baƙa ƙirin mai warin baragurbi. A cikin baƙar nan akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani. Ba sa shaƙar iska kamar mu, iska ma ajalinsu ce. Wani gishiri mai farar wuta da ke cikin ruwan teku shi ne numfashinsu, abincinsu kuma duk abin da ya mutu ya nutse: kifi, ganye, kaguwa. Ya ce ba don su ba da tuni teku ta cika da gawa har ta tumbatso garinmu Gaya.

Tambayarsa guda ce tun yana saurayi: a wane zurfi rai yake ƙarewa? Duk shekara a ƙaro masa bututu mafi tsawo, duk shekara ya leƙa can ƙarshen lakar ya tarar da su suna harkarsu. "Na tsufa, bututu bai kai ba," in ji shi, yana faɗa yana murna kamar wanda aka yi wa albishir. Da masu haƙar mai suka kira shi can kudu wai wani abu na huda musu bututai, ya duba ya ce nasa ne. Ya dawo yana taƙama: "Amarya, shanuna har ƙarfe suke ci."

Shanu yake ce musu. Da ya bar aiki ya dawo gida, matarsa ta riga ta rasu, ba ɗa ba jika sai mu, kayansa ba su fi akwati ba, amma kwalabe sun cika bayan lori. Dogaye ne, cike da lakar teku, an toshe bakinsu da roba an liƙe da kakin zuma. Ya jera su a taga inda rana ke duka. A hankali lakar ta yi zane-zane, nan kore, nan ja kamar zoɓo, can ƙasa baƙi. Kowane launi, in ji shi, wata ƙabila ce ta sami inda ya yi mata. Da safe ya zagaya su da hannu a baya yana cewa, "Garke ya kwana lafiya?" In aka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Makiyayi ne ni, kamar kawunnaina. Garkena ya fi na kowa a ƙasar Kano." Mu a gida mun san wasa ne. Ba mu taɓa tunanin inda maganar take zuwa ba in ta fita ƙofa.

Ya tsani a ce musu ƙwayoyin cuta. "Wa suka cuta? Ke da kike cinye mini gyaɗa ba a ce miki ƙwayar cuta ba." In na toshe hanci a ɗakinsa ya ce, "Wari ba mutuwa ba ne, alamar ana aiki ce." Na ce to ashe masai ya fi kowa ƙwazo a gidan nan. Ya yi dariya har ya ƙware.

Sau ɗaya na ga fushinsa. Gwaggo na neman mazubin man shanu, ta ga kwalba mai kyau cike da ƙazanta, ta ɓalle murfin, ta juye a bayan gida, ta wanke ta tas da toka. Kaka ya dawo daga masallaci ya ga kwalbar tana ƙyalli a rana. Ya cire hula. Ya ce, "Kin san abin da kika yi? Wannan daga wuri mafi zurfi da na taɓa kaiwa na ɗebo ta. Kin hallaka al'ummar da ta fi mutanen Kano da Zariya da Katsina yawa, kafin ki dafa abincin rana!" Gwaggo ta ce, "Kaka, ni taɓo na zubar. In al'umma ce me ya hana su yi magana?" Ya daina cin tuwonta. Ta daina gaishe shi sai ta bayan ƙyaure. Ni ce 'yar aike, ina ƙara gishiri a kowane saƙo. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, shi ya zauna a bakin ƙofarta yana yi mata fifita da murfin kwando har ta farfaɗo, man shanun nan kuma da shi ya ci tuwo yana cewa ya ji ɗanɗanon teku.

Ni kaɗai ya koya wa madubinsa, wani abin ƙarfe mai wuya kamar na zalɓe wanda ke mai da ƙanƙanen abu babba. Ba don na fi kowa hankali ba, don na fi kowa naci ne. Ya nuna mini yadda ake soka allurar sirinji ta cikin robar murfi a zuƙo ɗigo ba tare da iska ta shiga ba, yadda ake ɗiga shi a gilashi, yadda ake karkata ɗan madubin ƙasa ya kamo hasken rana.

Ranar sadakar uku Baffan Toranke ya iso. Ɗan kawun Kaka ne, tare suka yi kiwon maruƙa, babana ke ce masa Baffa muka ɗauka. Taubasai ne, shi ɗan namiji, Kaka ɗan mace, saboda haka bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "bawana". Labari bai same shi da wuri ba, ya taho a ƙasa da sandarsa. Na san shi dogo, na gan shi ya rankwafa. Farin da aka yi ya cinye shanunsa ƙaf, kowa ya san wannan, ba dai mai faɗa a gabansa.

Aka yi addu'a, aka raba gumba. Liman ya sake tambaya, kamar yadda ya yi ranar jana'iza, ko akwai mai wani haƙƙi a kan marigayi. Ina bayan ƙofar zaure da tulu. Baffa ya yi gyaran murya.

"Akwai alkawari tsakanina da shi."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Da shanuna suka faɗi, bawana ya zo Toranke. Ya tuɓe rigarsa ta 'yan boko, muka ja mushe tare muka binne, har hannunsa ya yi kanta. Ba wanda ya yi mini haka. Da za shi tafi ya dafa ni ya ce, 'Ubangijina, kar ka damu. Ni garkena fari ba ya taɓa shi. Duk ranar da ka zo Gaya ka zaɓi wadda ranka ke so, ai abin bawa na ubangijinsa ne.' Ban zo ba, don ba a san mu da roƙo ba. Na zauna ina jiran ya aiko. Yanzu ya tafi. Ku gaya mini inda garken yake, ko a kudu ne zan bi sawu. Karsana ɗaya ta ishe ni in tayar da ruga."

Tulun ya kusa suɓuce mini. Na leƙa na ga bakin Baba a buɗe, ƙuda zai iya shiga ya yi sallah ya fito. Wasa Kaka ya yi masa, irin na taubasai, don ya ga haƙoransa ranar baƙin ciki. Shi kuwa ya ɗauke ta ya ajiye a zuciya, da ita yake kwana da ita yake tashi.

Baba ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Marigayi bai bar ko akuya ba. Amma ni zan nemo maka karsana."

"Ba sadaka na zo karɓa ba, ɗana. Daga garkensa ya ce." Ya dubi Liman. "In akwai garke, a cika masa alkawarinsa. In babu, to ya dube ni a kan mushen shanuna ya yi mini ƙarya. Wannan kuwa ban yafe ba, sai mun tsaya gaban Allah."

Wani ya yi salati da ƙarfi. Liman ya fara lallashi, Baffa ya kawar da kai. Mutumin da aka binne shekaranjiya, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ga ɗan'uwansa ya ɗaure shi. Ban san lokacin da na ajiye tulu na shiga tsakiyar maza ba.

"Akwai garke," na ce. "Ni nake taya shi kiwo."

Baba ya zare mini ido. Baffa ya dube ni sama da ƙasa. "Ke wace ce?"

"Matarsa ce. In ka ga dama ka gaje ni."

Ba wanda ya yi dariya. Ban taɓa yin wasa ya faɗi ƙasa haka ba. Amma ya dogara sandarsa ya tashi.

Tun rasuwar ba a buɗe ɗakin ba. Warin ya tare mu a ƙofa kamar mai gida. Baffa ya ja baya, ya dubi kwalaben da ke taga, ya dube ni, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na ce, "Baffa, don Allah kar ka ce komai sai ka gani." Na jawo madubin bakin ƙofa inda rana take. Na soka allurar a robar wata kwalba na zuƙo. Na ɗiga, na rufe, na murɗa har suka fito sarai. Na ce ya rufe ido ɗaya ya leƙa da ɗaya.

"Gashin idona nake gani."

"Matsa kusa."

"Duhu."

"Ka rufe wanda za ka buɗe ne, Baffa."

Ya sauya ido. Sai ya yi tsalle da baya har rawaninsa ya bugi ƙyaure. "A'uzu billahi! Motsi suke!" Ya duba ƙarƙashin madubin, ya duba bayansa, ya ɗaga gilashin sama ya ga ɗigon ruwa ne bai kai hawaye ba. Na mayar na sake daidaitawa. A karo na biyu ya durƙusa a hankali, yadda ake durƙusa wa saniya mai sabon ɗa.

Ya daɗe bai ɗago ba. Baba da Liman da Gwaggo suna tsaye a tsakar gida. Can ya fara magana, idonsa na kan madubin.

"Ga wata doguwa tana murɗawa. Ga gajeru sun taru wuri guda, waɗannan mashaya suka samu. Wa ke kora su?"

"Ba kowa."

"Me suke ci?"

"Abin da ya mutu."

"Suna haihuwa?"

"Ɗaya ta rabe biyu, biyun su rabe."

"Ba bijimi?"

"Ba bijimi."

"Allahu akbar." Ya nuna taga. "Duk kwalaben nan haka suke?"

"Duk. Kuma ya ce gindin teku gaba ɗaya haka yake, bai taɓa kaiwa ƙarshensu ba."

Sai na ga kafaɗarsa ta ƙage. "Yarinya, sun rage gudu. Doguwar ta tsaya. Me ya same su?"

Na manta ban gaya masa ba. Na ce, "Iska ce. In an fito da su daga kwalba ba sa daɗewa."

"Ba su ruwa!"

"Ba ya hanawa, Baffa."

"Mayar da su, to! Mayar da su!"

"Ba a mayarwa."

Bai cire idonsa ba. Ya tsaya a kansu har ta ƙarshe ta daina motsi, yana faɗin wasu kalmomi da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin waɗanda ake yi wa dabba. Da ya ɗago, fuskarsa sharkaf. Gwaggo ta gaya mini daga baya cewa ko ranar da shanunsa suka ƙare ba wanda ya ga hawayensa.

"Don in gani kika kashe waɗannan?"

Na ce e.

"Kar a ƙara. Ko Gwamna ne ya zo, a ce masa ya yarda kawai."

Ya share fuska da bakin rawani, ya miƙe, ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana duban su ta gefe, yana ƙwanƙwasawa da farce. Ya wuce manyan. Ya tsaya kan wata 'yar madaidaiciya mai ja sosai a tsakiya.

"Wannan. Me zan riƙa ba ta?"

"Ba komai. Rana kawai, kuma kar a buɗe."

"Ba ta ci, ba ta nono, ba a buɗewa." Ya girgiza kai. "Kyautar bawa ke nan. Ɗan banza, har ya mutu bai daina yi mini shaƙiyanci ba."

Ya warware rabin rawaninsa ya naɗe ta, ya rungume a ƙirji, ya fito. A tsakar gida ya tsaya gaban Liman.

"Malam, ka shaida. Akwai garke, na gani da idona, ya fi nawa ko lokacin da nake da shi. Ya ce in zaɓa, na zaɓa. Ba abin da nake bin sa. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Liman ya ce amin da wata irin murya. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baba ya bi shi har ƙofar gida yana sake maganar karsana. Baffa ya ce a bari sai an yi arba'in, yanzu hannunsa ba wuri. Ya ƙi hawa mota, wai girgiza za ta dame su. Na raka shi har bayan gari. Ya ba ni sandarsa in riƙe masa, ya gyara rungumar, ya karɓa, ya kama hanyar Toranke, tsoho ba saniya ko ɗaya a duniya, yana tafe yana kare kwalbar laka daga tuntuɓe.

Na dawo na zauna a ɗakin Kaka, a nan ne na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana leƙen ƙananan halittunka yana mamaki. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka gafarta masa wasansa da gaskensa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.